Ina Ɗan Farin Akwatin Nan Ya Shiga?

Duk wanda ya fara zama gaban kwamfuta a shekarun 1990, idan ya natsu ya dubi manhajojin da ake aiki da su a yau, zai tarar wani ƙaramin abu, wanda a dā ba a rasa shi a kowace taga, ya sulale ya ɓace, ba a yi masa sallama ba, ba a kuma yi cigiyarsa ba. Abin nan kuwa shi ne ɗan farin akwatin da ake rubutu a ciki, mai kusurwa huɗu, wanda yake zaune a kan fili ruwan toka, ya ɗan lotsa ciki, da wani siririn tsinke yana ƙiftawa a bakinsa yana jiran a fara bugawa. A yau, inda ake son mutum ya sa sunansa, a wata manhajar layi ɗaya aka ja aka bar shi, a wata an zana doguwar da'ira mai launi, a wata kuma babu komai sai wasu kalmomi dishi-dishi waɗanda ke gushewa da zarar yatsa ya taɓa harafin farko. Ƙanƙantar abin ba ta hana shi zama abin lura ba, domin da wuya a sami wani wuri a cikin kwamfuta da ɗan Adam yake mu'amala da shi kullum kamar wannan: a nan ake rubuta suna, da kalmar sirri, da kuɗin magani, da makin ɗalibi.

Lotsawar nan da muke gani ba gaskiya ba ce, dabarar masu zane ce, gama fuskar kwamfuta shafaffiya ce, ba tudu ba kwari. Sun ƙaddara cewa haske yana sauka daga sama ta ɓangaren hagu, saboda haka suka ja layi ruwan toka mai duhu da wani baƙi a gefen sama da na hagu, suka ja fari da toka mai haske a gefen ƙasa da na dama, kowane layi kaurinsa ɗigo ɗaya tak, sai ido ya yanke hukunci da kansa cewa nan rami ne. Idan aka juya tsarin, aka sa farin a sama duhun a ƙasa, sai abin ya taso ya zama maɓalli. Da wannan 'yar hikima, wadda ba ta ci fiye da launi huɗu ba a zamanin da kwamfutoci da yawa launi 16 kaɗai suke iya nunawa a kan fili mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, aka raba duniyar taga gida biyu: abin da ya taso a danna shi, abin da ya lotsa a zuba masa rubutu. Tun a zamanin Windows 3.1 ta 1992 ake samun wannan siffa ta hanyar wani ƙarin fayil mai suna CTL3D, sa'an nan Windows 95 ta mai da ita ƙa'ida ga kowa.

Na san mutanen zamanina ba su manta da ɗakunan da muka fara ganin akwatin nan ba: manyan fuskokin kwamfuta masu ƙeya, waɗanda in an kunna su sai su yi wani ɗan ƙara kafin hoto ya fito sannu a hankali; gashin hannu yana miƙewa idan ya kusanci gilashin; ɗumi yana fita ta ramukan sama haɗe da warin ƙurar da ta sha zafi; faifan fulofi yana gurnani a cikin raminsa; janareto kuma yana ta nasa a waje. A cikin wannan hali, ko a ofis ne, ko a shagon buga takardu, ko a makarantar koyon kwamfuta, akwatin iri ɗaya ne, haruffansa iri ɗaya ne, kuma ɗabi'arsa ɗaya ce. Wannan ittifaƙi bai faɗo daga sama ba. Tun 1987 kamfanin Apple ya wallafa littafin ƙa'idojin yadda fuskar manhaja za ta kasance a kan na'urorinsa, a shekarar nan kuma kamfanin IBM ya fito da nasa tsarin, wanda Windows ta gaji abubuwa da yawa daga gare shi, maƙasudinsu duka kuwa shi ne wanda ya koyi manhaja ɗaya ya zama ya koyi rabin ta biyu. Misalin abin kamar zaure ne a garuruwanmu na dā: ko baƙo bai taɓa zuwa garin ba, da ya ga zaure ya san nan ake tsayawa a yi sallama, ba ya bukatar mai yi masa jagora, domin magina duka sun yarda a kan siffa ɗaya, ko da yake kowane gida da irin abin da ke cikinsa.

Amma wanda yake son ya sauya kamannin akwatin nan a wancan zamani, sai ya shirya wa wahala. Mai rubuta manhajar Windows da harshen C, wanda galibi littafin Charles Petzold, da ya fara fitowa a 1988, shi ne malaminsa, ba ya iya cewa da akwati kai tsaye ya zama ruwan ɗorawa. Akwatin ne, duk lokacin da zai zana kansa, yake aika saƙo mai suna WM_CTLCOLOREDIT zuwa ga tagar da take ɗauke da shi, ita kuma sai ta tsai da launin haruffa da na bayansu, ta miƙa masa burushin da zai shafe filinsa da shi. Kuma wajibi ne mai manhajar ya tuna ya share burushin nan idan an gama, in ba haka ba ya yi ta cin ma'ajiyar na'ura har abubuwa su fara rikicewa. Idan akwatin na karantawa ne kawai, wanda ba a rubutu a cikinsa, to, wani saƙon daban yake aikawa, WM_CTLCOLORSTATIC, kuma almajirai da yawa sun kwana suna neman dalilin da ya sa launinsu ya ƙi kamawa kafin su gano haka. Wanda kuwa ya ce sai ya lanƙwasa kusurwoyi, wannan sai ya karɓe aikin zanen daga hannun babbar manhaja, wato Windows, ya ɗauki nauyin kowane ɗigo a wuyansa.

Manyanmu a wannan sana'a, idan yaro ya zo musu da irin wannan buri, amsarsu ɗaya ce: bar shi yadda ka same shi. A lokacin mukan ɗauka ƙyuya ce ko tsoron sabon abu, alhali akwai hujja a ƙarƙashin maganar, an kuwa ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Hujjar ita ce, launin akwatin ba mallakar mai rubuta manhaja ba ne, mallakar mai kwamfuta ne. A cikin Windows ta lokacin akwai wurin da mutum zai shiga ya zaɓi launin filin rubutu, da launin haruffa, da girmansu, kuma duk manhajar da ta bi ƙa'ida, wato ta tambayi babbar manhaja launin da aka zaɓa maimakon ta ƙaga nata, nan take za ta bi abin da ya zaɓa. Dattijon da farin fili yake kashe masa ido yana iya mai da shi baƙi da fararen haruffa, ya yi haka sau ɗaya, ya wadatar da shi a ko'ina. Saboda haka wanda ya kafe wa akwatinsa launi, ko da da kyakkyawar niyya ya yi, ya ƙwace wa wani haƙƙinsa bai sani ba. Mafi muni kuma shi ne wanda ya kafe haruffa baƙaƙe ya bar filin yana bin zaɓin mai na'ura, gama ranar da aka mai da filin baƙi, rubutun duka ya nutse.

Kada mai karatu ya zaci cewa zamanin nan duka natsuwa ne da bin ƙa'ida. Da Visual Basic ta fito a 1991, Delphi ta kamfanin Borland ta biyo baya a 1995, sai abin da yake cin shafi guda na rubutu ya koma danna linzami sau biyu: ka jawo akwati ka ajiye, ka duba jerin siffofinsa a gefe, ka sauya BackColor, wato launin fili, ka sauya salon haruffa, ka zaɓi ko ya lotsa ko ya shafe, ka ce ya riƙa nuna taurari a madadin kalmar sirri. Da wannan sauƙi, musamman da Visual Basic 6 ta 1998, aka rubuta manhajoji masu yawan gaske a ƙasarmu, na shagunan magani, da na sakamakon jarrabawa, da na lissafin albashi, kuma wanda ya gan su ya san irin adon da aka yi musu: fili kore shar, akwati ruwan ɗorawa, haruffa jajaye masu lanƙwasa, kowane akwati da nasa launi, har ido ya rasa inda zai sauka. Duk da haka a cikin masu wannan aiki akwai masu basira, waɗanda suka yi amfani da launi don ya isar da magana: akwatin da ake ciki ya ɗan sauya launi don magatakarda ya san inda yake ba tare da ya ɗaga kai daga takarda sosai ba, wanda aka cika ba daidai ba ya yi ja, wanda ba a taɓawa ya yi toka. Ashe tun a lokacin kayan aikin ɗaya ne, hankalin masu riƙe da shi ne ya bambanta.

Akwai kuma wani babban aibi da tsohon akwatin yake da shi, wanda mu Hausawa muka fi kowa sanin zafinsa, kuma shi kaɗai ya isa ya hana ni yin kukan a koma baya. Akwatin nan, duk da kyan tsarinsa, bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. Jadawalin haruffan da Windows take aiki da shi a yankinmu a lokacin gurbi 256 gare shi, an cika shi da bukatun harsunan Yammacin Turai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa, alhali haruffan nan sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, da su aka buga jaridu da littattafan da muka tashi muna karantawa. Wanda ya yi ƙoƙarin liƙa su a cikin akwati sai ya ga alamar tambaya ta fito, ko ƙugiyar ta faɗi ta bar harafin tsirara. Sai kowa ya nemi mafita: wani ya sa waƙafi a bayan harafi, wani ya rubuta babban baƙi a tsakiyar kalma, wani ya haƙura ya bar mai karatu ya cinka. A rajista ɗaya sai ka tarar da garin Ƙaraye an rubuta shi iri uku, in aka nemi ɗaya sauran biyun su ɓuya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya yi wa marubuta babban taimako da ya ƙirƙiro salon haruffa masu ƙugiya, irin su Rabi'at, sai dai irin wannan magani yana da sharaɗi, shi ne dole na'urar da za a karanta rubutun a kanta ita ma ta mallaki salon, in babu shi wasu alamomi ne daban za su bayyana. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya fito tun 1991, Windows NT ta 1993 kuma a kansa aka gina ta, amma akwatunan Visual Basic 6 ba su ɗauke shi ba, na Delphi ma sai a fitowar da ake kira Delphi 2009. Shekaru masu yawa ke nan ana iya sauya wa akwati launi iri dubu, ba a iya rubuta Ɗanladi daidai a cikinsa.

Ƙofar da manya suka tsare ba rana ɗaya aka ɓalle ta ba. Masu harshen Java, da yake burinsu manhaja ɗaya ta yi aiki a kan kowace irin na'ura, sun fito da Swing, wadda ta shiga cikin harshen sosai a 1998, ita kuwa ba ta aron akwatin babbar manhaja, da kanta take zana nata, har ana iya sauya wa manhaja duka kamanni da umarni ɗaya. Windows XP ta 2001 ta cike ramin nan, ta mai da gefen akwati siririn layi shuɗi-shuɗi, ta kuma kawo damar sa ɗan rubutun ishara a cikin akwatin da ba a cika ba. A 2006 abubuwa biyu suka faru: Qt, wadda wasu mutum biyu 'yan ƙasar Norwe suka fara, ta ba da damar a tsara akwati da irin harshen da ake ƙawata shafukan intanet da shi, Microsoft kuma ta fito da WPF, inda aka raba ɗabi'ar akwati da siffarsa rabuwa ta sosai, har mai manhaja yana iya cire masa tufafinsa duka ya ɗinka masa wasu. Abin mamaki, a daidai lokacin da waɗannan suke gudun kamannin babbar manhaja, Tk ta John Ousterhout, wadda masu koyon Python suke fara gina taga da ita, ta nufi wajen da suka baro, gama a 2007 ta kawo sababbin akwatuna masu kwaikwayon na'urar da suka sami kansu a kai. Daga nan sai guguwar shafe komai ta taso, Windows 8 a 2012, iOS 7 a 2013, tsarin Material na Google a 2014, aka ɗauki lotsawa a matsayin tsohon yayi. Electron kuma, wadda aka fara a 2013, ta sa manhajar tebur ta zama shafin intanet ne da aka naɗe a cikin taga, kamar yadda Visual Studio Code da Slack da Discord suke. Abin da ya hana magabata barci, yau layi ɗaya ne: ka faɗi launin gefe, ka faɗi yawan lanƙwasar kusurwa, shi ke nan.

Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce, kuma rashin adalci ne a raina ta. Akwatin yau yana karɓar boko da ƙugiyoyinsa, yana karɓar ajami daga dama zuwa hagu, har yana haɗa su a layi ɗaya. Yana girma yana ƙanƙancewa gwargwadon fuskar na'ura, ba kamar na dā ba, wanda aka auna da ɗigo, da aka kawo fuskoki masu laushin hoto ya tsuke har sai an matso da ido. Yana iya faɗa wa mutum a ƙarƙashinsa, cikin lumana, cewa lambar wayar da ya sa ba ta cika ba, maimakon wata taga ta faɗo masa da ƙara bayan ya gama cika komai. Mai aikin dare yana iya mai da fuskar duka duhu. Yaro a Zariya ko a Maradi, da ƙaramar kwamfutarsa, yana iya rubuta manhaja ɗaya ta yi aiki a kan Windows da Mac da Linux, abin da a dā sai kamfani mai ma'aikata.

Hasarar kuwa iri biyu ce, ta zahiri da ta baɗini. Ta zahiri ita ce mutum ya buɗe taga ya tsaya yana laluben inda zai rubuta, gama an shafe iyakar akwati har ta saje da fili. Ko kuma a cire sunan akwatin daga samansa a tura shi ciki da launi dishi-dishi, mai cikawa ya fara bugawa, a kira shi, ya dawo ya rasa ko lambar waya ake nema a nan ko lambar asusu. Mai zanen yana zaune ne a ɗaki mai sanyi gaban fuska mai tsada, a wurinsa toka mai haske a kan fari abu ne mai kyan gani. Mai amfani kuwa wataƙila magatakarda ne da ya haura hamsin, a kan kwamfuta ta hannu wadda haskenta ya raunana, kusa da taga da tsakar rana. Ta baɗini ta fi wannan nauyi, domin tsohon akwatin ba zane kaɗai ba ne, tarin ɗabi'u ne da aka tace shekara da shekaru: yadda maɓallin Tab yake kai mutum akwati na gaba, yadda danna kalma sau biyu yake zaɓenta, yadda ake janye kuskure, yadda manhajar da take karanta wa makafi rubutu take sanin cewa nan wurin rubutu ne, ga kuma sunansa. Duk wannan kyauta mai manhaja yake samunsa muddin ya bar akwatin a kan asalinsa, wanda kuwa ya zana nasa tun daga tushe sai ya sake gina su ɗaya bayan ɗaya, kuma galibi abin da ido ba ya gani shi ake mantawa. Ga kuma nauyi, gama manhajar da take ɗauke da burauza sukutum a cikinta, irin ta Electron, tana cin ma'ajiyar da tsofaffin na'urorinmu ba su da ita. Zaɓin da mai kwamfuta yake da shi a dā, na ya tsai da launi sau ɗaya kowa ya bi, shi ma ya ragu ƙwarai, sai abin da kowace manhaja ta ga damar ba shi.

Masu sana'ar da kansu sun farga, shi ya sa abin da al'ada take tsarewa a dā yanzu sai da aka rubuta shi a matsayin doka. Ƙa'idojin WCAG na 2008 sun shar'anta cewa bambancin haske tsakanin rubutu da filinsa kada ya gaza 4.5 bisa 1, na 2018 kuma suka ƙara cewa abin da ake gane akwati da shi, kamar gefensa, kada ya gaza 3 bisa 1. Google, wadda ta yayata akwati mai layi ɗaya a ƙasa, daga baya ta koma ga akwati mai cikakken fili ko mai zagayayyen gefe, domin ta tarar mutane sun fi saurin gane shi. Windows 11 ta 2021 ita ma akwati sosai ta zana, da layi a ƙasansa wanda yake ɗaukar launi idan an shiga. An ce da tsohuwar zuma ake magani, sai dai ba ramin 1995 aka dawo da shi ba, dalilin da ya sa aka yi ramin aka dawo da shi.

Abin da na fahimta daga wannan tafiya shi ne, amana ce ta sauya hannu. A dā babbar manhaja ce take riƙe da haƙƙin mai rauni a madadin kowa, ta hanyar tsananta wa mai son sauyi, kuma a cikin tsanantawar nan har da mu ta rufe wa ƙofa. Yau an sassauta, an ba kowa alƙalami, saboda haka haƙƙin nan ya dawo wuyan wanda yake rubuta layin, ko ya sani ko bai sani ba. Ba na cewa da matasanmu su bar akwati yadda suka same shi, gama zamani riga ne, kuma sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da nake roƙonsu shi ne, kafin su ce aiki ya kammala, su ajiye linzami su bi tagar da maɓallai kaɗai su gani ko za su kai ƙarshe. Su bar sunan kowane akwati a fili inda ba zai gushe ba. Su buɗe manhajar a kan mafi raunin na'urar da ke gidan. Su rubuta Ƙ da Ɗ da Ɓ a ciki, su adana, su sake nema. Sa'an nan su kira wani dattijo su ce, "Baba, don Allah sa mana sunanka a nan," kada su nuna masa wurin. In ya sa ba tare da ya tambaya ba, to, su yi wa akwatin duk launin da suke so. Allah ya sa mu dace.